Yayana ne ya yi mana wayarin, yanzu famfon banɗaki yana jan yara

Assalamu alaikum Malam. Ni matar aure ce a Kano, 'ya'yanmu huɗu. Maigidana ya daɗe yana gini kaɗan-kaɗan, har Allah Ya sa muka tare a gidanmu bara. Da aka zo aikin wayarin, ni ce na roƙe shi ya ba yayana, domin sana'arsa ce kuma a lokacin yana cikin matsi. Maigida ya ba shi kuɗin kaya, ya ce ya sayo waya mai kyau. Tun da muka tare ba mu huta ba. Soket ɗin kicin ya narke, wani lokaci mukan ji ƙauri a falo, kwanan nan kuma famfon banɗaki ya ja ƙaramar 'yata tana wanka. Maigida ya kawo wani mai gyaran wuta, ya hau silin ya duba. Ya ce wayar soket siririya ce irin ta fitila, wata ma ba jan ƙarfe ba ce, an murɗe mahaɗai an naɗe da salatif, ba a kafa ƙarfen ƙasa mai kwashe wutar da ta ɓalle ba, kuma bireka ɗin da aka sa don yanke wuta ya yi wa wayar girma. Ya ce sai an sake aikin gaba ɗaya. Maigida ya ce Yaya ya ci amanarsa, ko ya biya ko ya kai shi ƙara. Yaya ya ce sharri ne, wancan aiki yake nema, shi ko kuɗin hannu bai karɓa cikakke ba. Hajiyarmu ta kira ni tana kuka, wai na zuba ido miji zai tozarta ɗan'uwana. Ni ko barci ba na iya yi, da an kawo wuta da dare sai gabana ya faɗi. Malam, ina zan sa kaina?

Daga wata baiwar Allah, Kano

Wa'alaikumus salam, 'yar'uwa. Alhamdu lillahi da yarinyar nan ta tsira. Wutar da ke shigowa gidajenmu bolt 230 ce ko kusa da haka, kuma jikin da ya jiƙe, ƙafa ba takalmi a kan siminti ko tayil mai ruwa, shi ne hanya mafi sauƙi da take bi ta shiga ƙasa. Faɗuwar gaban da kike yi ba tsoron banza ba ne. Idan yarinyar ta suma a lokacin, ko akwai ƙuna a hannunta, ko tana kukan ƙirji, a kai ta asibiti a duba ta ko da kin ga tana wasa.

Wasiƙarki ta ɗaure abubuwa biyu wuri guda, kuma a ganina wannan ɗaurin ne ya hana ki barci. Akwai maganar wutar gidan, akwai maganar wa ke da laifi. Ta biyun za ta iya jira har a zauna a natse, mako ɗaya ko wata ɗaya. Ta farkon ba za ta jira ba. Abin da na lura shi ne kowa a gidanku ya koma kan ta biyun: maigida yana maganar amana, Yaya yana maganar sharri, Hajiya tana maganar mutunci, alhali wayar tana nan a silin yadda take. Ke ce kaɗai kike jin tsoron abin da ya kamata a ji tsoro, don haka ke za ki fara raba su.

Tun daga daren yau, in kuna da injin ɗumama ruwa da injin jan ruwa, a cire su daga wuta gaba ɗaya, ba kashe makunni kawai ba. Famfo ba ya jan mutum haka siddan. Kusan ko da yaushe ɗaya daga cikin waɗannan biyun ne yake yoyon wuta cikin ruwa ko cikin bututun ƙarfe, ko kuma wata waya da ta goge tana taɓa bututun. Kafin a gano wanne ne, a tari ruwa a bokiti lokacin da aka kashe babban makunnin gida, yara su yi wanka da shi. Soket ɗin da ya narke a daina amfani da shi, haka layin falon da ake jin ƙauri, domin ƙaurin nan robar waya ce take dahuwa a wurin da ba kwa gani, kusa da busasshen katako. Kada a haɗa dutsen guga da butar lantarki da na'urar sanyaya ɗaki a lokaci guda. In za a kwanta ko za a fita, a kashe babban makunni. Zafin dare ɗaya ba ya kisa. Ki nuna wa manyan yaranki inda makunnin yake, ki gaya musu abu biyu: wutar lantarki in ta kama ba a watsa mata ruwa sai an kashe ta daga tushe, kuma wanda wuta ta riƙe ba a kama shi da hannu, makunni ake kashewa ko a ture shi da busasshiyar sanda. Bokitin yashi a tsakar gida da ƙaramar tukunyar kashe gobara mai hoda ba su da tsada idan aka kwatanta da abin da suke tsarewa.

Yanzu bari mu duba abin da mai gyaran ya ce ya gani, domin ki fahimce shi da kanki, ba sai an fassara miki ba. A aikin gida na yau da kullum, da lamba ake gane kaurin waya, kuma mai lamba 1.5 ta fitilu ce da fankoki. Soket yana buƙatar mai lamba 2.5. Injin ɗumama ruwa, murhun lantarki da manyan na'urorin sanyaya ɗaki kuwa kowanne layinsa daban ake ja masa tun daga akwatin rarraba wuta, sau da yawa da mai lamba 4 ko 6 gwargwadon nauyinsa da nisansa. Butar lantarki mai wat 2000 tana jan kusan amfiya 9 (amfiya ita ce ma'aunin yawan wutar da ke bi ta waya). Ki ɗora mata dutsen guga da firji a layi ɗaya, kin wuce abin da siririyar waya ke iya ɗauka cikin bututu. A nan ne bireka ya kamata ya faɗi, domin aikinsa ke nan: ya yanke wuta kafin waya ta yi zafi. To idan aka sa bireka mai amfiya 32 ko 63 a gaban wayar da ba ta kai rabin haka ba, ba zai faɗi don nauyi ya yi wa wayar yawa ba, wayar ce za ta yi ta dahuwa har ta kama. Wasu masu aiki da gangan suke sa babban, don kada mai gida ya riƙa kiransu yana cewa wuta tana yankewa. Mai gida ya ji daɗi, ya ce aiki ya yi kyau, bai san an cire masa mai gadi ba.

Mahaɗin da aka murɗe aka naɗe da salatif yana aiki a ranar farko, shi ya sa ake yinsa. Amma waya tana zafi tana hucewa kullum, murɗin yana saki, inda ya saki yana tartsatsi, salatif kuma ya bushe a zafin silin na watan Afrilu ya warware. Wurinsa cikin akwatin mahaɗi ne mai murfi, a ɗaure da kusa. Rashin ƙarfen ƙasa kuwa shi ne ya fi tayar min da hankali a duk jerin, domin shi ne ya kai ga 'yarki. Waya ta uku da ke bin kowane soket zuwa ƙarfen da aka kafa a ƙasa ita ce take kwashe wutar da ta ɓalle ta hau jikin firji ko injin ruwa. In babu ita, wutar tana zaune a jikin ƙarfe tana jiran wanda zai taɓa. Tare da ita ake sa wata na'ura a akwatin gida mai yanke wuta da zarar ta ji yoyon da ya kai miliamfiya 30, cikin ƙiftawar ido. Da akwai waɗannan biyun, da wuta ce za ta yanke, ba yarinya za ta yi ƙara ba.

Na yi wannan dogon bayani ne don ki ga cewa laifukan ba iri ɗaya ba ne, kuma adalci ga yayanki yana cikin rarrabe su. Wasu na rashin sani ne. Da yawa daga masu wayarin a garuruwanmu a hannun oga suka koya, yadda suka ga yana yi haka suke yi, ba wanda ya taɓa zaunar da su ya yi musu lissafin nauyin waya. Mai irin wannan koyo zai iya rantsuwa da gaskiyarsa cewa aikinsa lafiya lau, domin ya yi gidaje da dama kuma fitila tana kamawa. Wasu na ganganci ne da son gamawa da wuri, kamar murɗe mahaɗi. Guda ɗaya ne kawai zai iya zama cin amana, wato maganar waya, kuma ko ita ba a yanke hukunci sai an bincika. Akwai wayar alminiyam da ake shafa wa jan ƙarfe a baya, a ido ba ta da bambanci da ta gaske, kuma ba ta iya ɗaukar wutar da jan ƙarfe mai kaurinta ke ɗauka. Mai yiwuwa Yaya ya saye ta da sani ya riƙe canji. Mai yiwuwa kuma shi aka cuta a kasuwa, ya biya kuɗin mai kyau aka ba shi jabu. Rasit da sunan shagon da ya saya su za su raba gardama.

Maigidanki yana da gaskiyar yin fushi. Mutum ya yi shekaru yana tara gumi, ya ba suruki aiki don darajar matarsa, sannan ya ga 'yarsa ta kusa salwanta. Wanda bai yi fushi a nan ba sai a tambayi lafiyarsa. Amma akwai tambayoyin da ya kamata ya yi wa kansa, kuma ke ce za ki iya sa shi ya yi su ba tare da ya ji ana tuhumarsa ba. Kuɗin da ya bayar ya isa sayen waya mai kyau a farashin ranar, ko lissafin shekarun baya ya yi amfani da shi? Ya gaya wa Yaya tun farko cewa za a sa injin ɗumama ruwa da na'urorin sanyaya ɗaki, ko daga baya aka ƙaro su a kan layin da ba don su aka ja ba? An yi ciniki a fili an rubuta, ko an bar shi a kan “ai mun zama ɗaya”? Maganar Yaya cewa bai karɓi kuɗin hannu cikakke ba tana nuna min aikin kunya aka yi, kowa yana ganin alfarma yake yi wa ɗaya. Duk da haka ina so ki riƙe wannan: ƙarancin kuɗi ba ya wanke mai sana'a. In kuɗi bai isa ba, aikinsa ne ya ce bai isa ba, ko ya ajiye aikin. Ba ya halatta ya yi shiru ya rage abin da rayuka suka dogara da shi. Malamanmu na mazhabar Malikiyya sun daɗe da tabbatar da cewa mai sana'a yana lamunce abin da ya ɓata da sakacinsa, kuma kasancewarsa ɗan'uwa ba ya ɗauke wannan.

Shi ma mai gyara na biyu ba wahayi aka yi masa ba. Yaya bai yi ƙarya ba da ya ce akwai masu kushe aikin wani don su samu nasu. Mutum zai iya faɗin gaskiya a kan abin da ya gani, ya kuma zarce a kan maganin. “A sake gaba ɗaya” babbar magana ce. Idan an binne bututun roba a bango yadda ya kamata, ana iya zare tsohuwar waya a zura sabuwa ba tare da an fasa filasta ba. Layin fitilu kuma, in wayarsa jan ƙarfe ce ta gaske, ba lallai a taɓa shi ba. Saboda haka shawarata ita ce a kawo mutum na uku wanda ba ya da alaƙa da kowa, a biya shi kuɗin dubawa kaɗai, a gaya masa tun farko ba shi zai yi gyaran ba. A nemi mai takardar shaidar ƙwarewa daga hukumar NEMSA, wadda dokar 2015 ta kafa don duba ingancin ayyukan lantarki a Nijeriya da tantance masu yinsu. Ya zo da na'urar gwada lafiyar robar waya da ta gwada ƙarfen ƙasa, ba ɗan testa mai fitila kawai ba. Ya duba ko makunnan fitilu a kan waya mai wuta aka ɗora su, domin in aka juya, fitila za ta mutu amma mazauninta yana da wuta, mai canza ƙwai ya sha mamaki. Ya rubuta abin da ya gani, a ɗauki hotuna. A yi wannan a gaban maigida da Yaya, a yanko guntun waya daga wurare biyu ko uku a kankare da wuƙa kowa na kallo. In cikinta ja ne, jan ƙarfe ce. In fari ya bayyana, magana ta ƙare ba tare da kowa ya ɗaga murya ba.

Ke kuma, 'yar'uwa, na ji nauyin da ke cikin kalmar “ni ce na roƙe shi”. Kin nemi alheri ga ɗan'uwanki da sana'ar da kika san yana yi, ba ki hau silin kin murɗe waya ba. Ki sauke wannan daga ƙirjinki. Amma ki daina zama 'yar aike tsakanin mutum uku, kina kai zafin wannan wurin wancan. Ki sami maigida a lokacin da ya huce, ki fara da abin da yake jira ya ji daga bakinki: cewa kin ga haɗarin, kina tare da shi a kan gyara, kuma ba za ki kare aikin da ya kusa cutar da 'yarku ba. Ina kyautata zaton rabin fushinsa tsoro ne kada ki zaɓi danginki a kansa. Bayan ya ji wannan, sai ki roƙe shi abu biyu: ya ajiye maganar ƙara har rahoton mutum na uku ya fito, kuma ya rufa wa Yaya asiri a majalisa da wurin aiki, domin mai sana'a da sunansa yake cin abinci.

Wurin Hajiya kuwa kada ki yi ta waya. Ki je da ƙafarki, ki tafi da yarinyar. Ki ce mata, “Hajiya, ba Yaya ake so a tozarta ba, jikarki ce wuta ta ja, kuma a gidan nan muke kwana.” Uwa tana kare ɗanta ne daga abin kunya, in ta ga an shirya yin abin cikin sutura, kuma ta ga fuskar jikarta, da wuya ta tsaya a inda take. Ki roƙe ta ita ta sa Yaya ya halarci dubawar. A samu babba guda da ɓangarorin biyu ke jin nauyinsa, kawunku ko wanda ya yi waliccin aurenku, ya zauna a tsakiya. In ogan da ya koya wa Yaya aiki yana raye kuma mutumin kirki ne, kalmarsa za ta fi ta kowa shiga kunnensa.

Idan rahoto ya nuna rashin sani ne da ganganci, hanya mafi sauƙi ita ce Yaya ya amsa, ya ba da haƙuri, ya sa hannu a gyaran kyauta a ƙarƙashin kulawar ƙwararre. Ban yarda a mayar masa da aikin shi kaɗai ba, ko da ya rantse. Wanda bai ga laifin aikin farko ba zai maimaita shi. Idan ta tabbata ya riƙe kuɗin waya, to ya mayar da bambancin, ko da kaɗan-kaɗan ne a wata, a rubuta a gaban shaidu. In maigida ya ga dama ya yafe don zumunci, wannan alherinsa ne, amma kada a matsa masa, kuma yafiya tana zuwa ne bayan an amsa laifi. In kuwa a kasuwa aka cuci Yaya, sai su haɗa kai su koma wa mai shagon da rasit, su kuma kai rahoto ga hukumar SON mai kula da ingancin kaya. Idan Yaya ya ƙi zuwa sam, kada gyara ya tsaya dominsa: a adana guntayen waya da hotuna da rahoto, a bi ta mai unguwa ko ofishin Hisba don sulhu. Kotu ita ce ƙarshe, ofishin 'yan sanda kuwa ba na ba da shawararsa a rikicin kuɗin aiki tsakanin surukai, domin gyaran gida zai ƙare a mako biyu, tabon kulle ɗan'uwa kuwa har 'ya'yanku za su gada.

Akwai wata magana mai nauyi da ba ki tambaya ba amma ba zan iya tsallake ta ba. Gidanku ba shi ne kaɗai Yaya ya yi wa wayarin ba. In haka yake aiki, akwai wasu yara a wasu gidaje da ke wanka da irin famfonku. Rufin asiri ba ya nufin a bar su cikin duhu. Wanda zai zauna da shi ya gaya masa cewa komawa waɗannan gidaje ya duba ƙarfen ƙasa da bireka wajibi ne a kansa, kuma mai sana'ar da ya dawo da kansa ya ce “na zo in ƙara duba aikina” daraja yake samu. In da hali a taimaka masa ya ƙaro ilimi ya nemi takardar shaida. Wannan ya fi masa duk wata kariya da Hajiya za ta ba shi.

Na san bayan gini aljihu a bushe yake, don haka in kuɗin ba zai isa a yi komai lokaci guda ba, a bi shi daki-daki. A fara da ƙarfen ƙasa da wayarsa, da na'urar yanke yoyon wuta, da sauya kowane bireka zuwa daidai wayar da ke bayansa. Sannan a ja wa manyan na'urori layinsu daban, a sauya wayar soket ta kicin kafin ta ɗakuna, a mayar da duk mahaɗan silin cikin akwati. In kuna da janareta ko inbata, a tabbatar akwai makunnin sauya layi na gaske wanda ke raba su da wutar gari. Aikin KEDCO, kamfanin rarraba wutar lantarki na Kano, ya tsaya ne a mita, amma wutar janaretan da ta koma kan layi tana iya kashe ma'aikacin da ke kan falwaya yana zaton an ɗauke wuta. Wayar kuma wannan karon maigida ya je kasuwa da kansa tare da ƙwararren, a sayi mai sunan kamfani da tambarin SON, a kankare bakinta a shagon kafin a biya, a karɓi rasit.

Bayan an sa na'urar yanke yoyon wuta, mai yiwuwa ta riƙa faɗuwa a kwanakin farko. Za a samu wanda zai ce ta cika fitina, a cire ta ko a tsallake ta da waya. Kada ki yarda. Faɗuwarta na nufin akwai sauran yoyo a wani layi ko wata na'ura, sai a bi su ɗaya-ɗaya a gano. Tana da ɗan maɓallin gwaji a jikinta; ki riƙa danna shi lokaci-lokaci, in wuta ta yanke nan take tana aiki, in ba ta yanke ba a kira mai gyara a ranar.